Itatuwan Bakin Komadugu: Abin da Ya Same Su da Yadda Ake Ƙidaya Su

 

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa a kan ƙasar da muke takawa ne, da abin da ke tsirowa a kanta. Kada wani ya ce wannan zance na ma'aikatan gandun daji ne, babu ruwan masallaci da shi. Mu dubi makarantar allo kawai. Allon da yaro yake riƙe da shi, mafi yawa daga icen aduwa aka sassaƙo shi. Alƙalaminsa karan gamba ne. Tawadarsa ba ta kama allo sai an sa mata ƙaro, ƙaro kuwa daga daƙwara yake fitowa. Tabarmar da yake zaune a kai kaba ce, ɗiyar goruba. Fatar gafakar malaminsa da bagaruwa aka jeme ta. In ajali ya zo, da ganyen magarya ake yi wa mamaci wanka. Ashe tun daga ranar da aka kai mu makaranta har ranar da za a kai mu makwanci, a jikin waɗannan tsirrai muke rataye. Alƙur'ani mai girma kuma ya sha jan hankalinmu zuwa ga bambancin tsirrai, kamar a Suratul An'ami, aya ta 99 da ta 141, da Suratur Ra'adi, aya ta 4, inda aka nuna cewa ruwa ɗaya ke shayar da su amma ɗanɗanonsu ya sha bamban. Abin da aka umurce mu da yin tunani a kansa, bai kamata ya ɓace a gabanmu ba mu ko lura ba.

Kogin Komadugu Yobe ba a ƙasarmu aka haife shi ba. Ruwansa na kogin Haɗeja ne da na Jama'are, waɗanda suke haɗuwa a dausayin Haɗeja da Nguru, su biyo ta Gashuwa da Gaidam, sa'an nan kogin ya zama iyaka tsakanin Nijar da Nijeriya na tsawon kilomita wajen 150, ya wuce Difa da Geskeru, ya zuba a Tafkin Cadi kusa da Boso, inda Yebi take. Ruwan saman da muke samu a shekara bai cika wuce milimita 300 da wani abu ba, saboda haka duk wani kore mai kauri da ke wannan yanki, bashin kogi ne da tafki. Ruwan yakan iso cikin damina, ya yi ta hawa har wajen Nuwamba da Disamba, ya malala cikin fadamu da tafkuna, sa'an nan ya janye.

Wannan hawa da janyewa shi ne ya jera tsirrai sahu-sahu kamar masallata. A cikin ruwa akwai bado da burgu da shinkafar daji. A inda ruwa ke kwana wata biyu ko uku akwai giyayya da bagaruwa, waɗanda ba su damu da tsayuwa cikin ruwa ba. A gaɓa, inda ruwan ƙarƙashin ƙasa yake kusa, akwai kanya da tsamiya da kurna da kurmin goruba. Can bisa tudu kuma sai aduwa da kandili da daƙwara da anza da icen asuwaki, ƙarƙashinsu ƙarangiya. Kowane sahu yana da gwargwadon ruwan da ya dace da shi. In aka rage ambaliya, na cikin fadama ya mutu da ƙishi. In ruwa ya daina janyewa, ya mutu da nutsewa.

To, abin da ya faru ke nan. A 1963 faɗin Tafkin Cadi ya kai murabba'in kilomita 25,000. Farin 1973 da 1974 ya zo, na 1984 ya biyo, har tafkin ya koma ƙasa da 2,000, ɓangarensa na arewa, wato namu, ya ƙafe ƙaf na shekaru. Daga baya ruwa ya ɗan dawo, yana zuwa yana komawa. A daidai wannan zamani aka gama madatsar Tiga a ƙasar Kano a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992. Madatsa tana riƙe ruwan damina ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan duk shekara, sai ambaliya ta ragu, wasu magudanai kuma suka daina bushewa da rani. Kacalla ta sami abin da take so, ta cike hanyoyin ruwa a yankin Haɗeja da Nguru, ta kore shinkafa da ciyawar kiwo. Wanda ya buɗe ƙofar madatsa a Kano bai taɓa ganin giyayyar Geskeru ba, amma hannunsa ya kai gare ta.

Da gero ya daina isar da iyali saboda fari, mutane suka gangaro bakin kogi. Gwamnati ta buɗe gandayen ban ruwa, injinan ban ruwa suka shigo hannun talakawa, noman tattasai ya bunƙasa har ake yi masa kirari da jan zinariyar ƙasar Manga, ana lodinsa buhu-buhu zuwa kasuwannin Nijeriya. Ba za mu zargi tattasai ba. Da kuɗinsa aka yi aure, aka gina masallatai, aka sauke farali, aka fitar da zakka. Sai dai mu faɗi abin da ya ci. Mai tattasai ba ya son inuwa, don haka babban ice ya kan sha gatari ko wuta a gindi. Wanda aka bari tsaye kuma ba a barin ƴaƴansa, domin duk shekara garma da fartanya suna share su. Saurar da ake bari ta huta a da, yanzu babu ita. Ban ruwa na shekara da shekaru a ƙasa mai zafi yana jawo gishiri da kanwa zuwa sama, har ka ga fili ya yi fari-fari. Mai gona ya bar shi ya sari sabon wuri, wanda aka bari kuwa ba kanya ce ke komawa cikinsa ba. Ta haka ne gaɓar kogi, wadda ta fi ko'ina yawan ire-iren tsirrai, ta zama ita ce aka fi sharewa.

Sa'an nan ga baƙon da ya zama mai gida. A 1977 ma'aikatan gandun daji suka dasa wani ice mai ƙaya a yankin tafki don tsayar da rairayi, fili da bai wuce hekta 10 ba. Sunansa furosofis, asalinsa ƙasashen Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, kuma ɗan'uwan ƙirya ne ta nesa. Niyya mai kyau ce, icen kuwa yana jure fari. Amma dabbobi suna son ƴaƴansa, ƙwayar kuma ba ta narkewa a cikinsu, sai su yi ta shuka shi da kashinsu duk inda suka bi, ga taki a haɗe. Ƙasan tafki da ta bushe tana da danshi a ƙasa, babu mai gasa da shi. Zuwa farkon shekarun 2000 an kiyasta ya rufe fiye da hekta 300,000. Yana ba da itacen girki da gawayi, gaskiya ne, matalauta da yawa sun ci abinci da shi. Amma inda ya yi duhu ciyawa ba ta fitowa a ƙarƙashinsa, ƙayarsa tana huda kofato da tayar amalanke, ya toshe wa masunta hanyar jirgi, ya toshe wa makiyaya hanyar mashaya.

Abin da ya biyo baya duk mun san shi. A ranar 6 ga Fabrairu 2015 aka kai hari Boso da Difa. Aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana cinikin tattasai da na kifi na wani lokaci, a watan Mayu aka kwashe mutanen tsibiran tafki. Yebi ta karɓi ƴan gudun hijira masu yawa, kafin ita ma a afka mata a watan Mayu 2016, Boso kuma a ranar 3 ga Yuni. Jama'a suka watse zuwa Tumur da Kijandi da Garin Wanzam da gefen babbar hanya, har adadin waɗanda suka bar gidajensu a jihar Difa ya haura 200,000. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar wa waɗanda suka yi hasara da alheri. Ta fuskar tsirrai, abu biyu masu saɓani suka faru a lokaci guda. Gonakin bakin kogi da aka gudu aka bari suka koma daji, amma dajin ƙaya da furosofis. Tudun da aka taru a kansa kuwa, mutum dubu goma a inda a da ɗari biyu ke zaune, aka sare shi don rumfa da girki, aka fara da busasshe, aka koma ɗanye, aka ƙare da tono saiwa. Babu mai hankalin da zai ɗora wa uwa laifi don ta sari ice ta dafa wa marayu abinci. Amma rashin laifi bai hana icen ƙarewa ba.

Yadda masana suke aunawa

Dattijo zai ce daji ya ƙare, saurayi ya ce ga shi kuwa kore shar, har ya fi na da. Kowannensu yana faɗin abin da idonsa ya gani. Shari'a ta koya mana cewa da'awa sai da hujja, ciniki kuma sai da mudu. To, wannan fanni ma yana da mudunsa, ana koyar da shi a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai da Jami'ar Difa da aka kafa a 2014. A ƙasar Nijar baki ɗaya an rubuta ire-iren tsirrai fiye da 2,000, kuma cikin waɗanda suka yi wannan wahala akwai Farfesa Mahaman Sa'adu.

Ba a iya ƙidaya daji duka, kamar yadda mai sayen gero ba ya ƙirga ƙwayar buhu. Yana zura hannu ne sama da tsakiya da ƙasa. Masu bincike sukan ja layi daga bakin ruwa zuwa tudu, su riƙa yanke fili a kan layin bayan kowane taki da suka ƙayyade tun kafin su fito, don kada son rai ya kai su inda ya fi kyau ko inda ya fi muni. A daji filin yakan zama mita 50 a tsaye da 20 a kwance, a gona kuwa 50 da 50, saboda itatuwan gona a warwatse suke. A cikin kowane fili sai a rubuta sunan kowane ice, da yawansa, da tsawonsa, da kaurin gangar jikinsa a daidai ƙirjin mutum, wato mita 1.30 daga ƙasa. Ciyawa kuma ƙarshen damina ake auna ta: a miƙa igiya, a riƙa sauke siririn ƙarfe a tazara ɗaya, duk ciyawar da ta taɓa shi a rubuta ta. Haka za a yi a gonar tattasai, a yi a saura, a yi a makiyaya, a yi a inda ba a taɓa ba, sa'an nan a gwada su da juna. Tsiron da ba a gane ba, a tsinko reshensa da furensa a matse a takarda ya bushe, a kai ma'ajiyar tsirrai a gwada.

Ma'auni na farko shi ne iri nawa aka samu. Yana da sauƙi, amma yana ruɗi. Mu ɗauki misali. Ga fili biyu, kowanne da ice 100, kowanne da iri 10. A na farko kowane iri yana da ice 10. A na biyu furosofis 91 ne, sauran iri 9 kowanne ƙwaya ɗaya tal. A takarda sun yi kunnen doki, alhali kowa ya san ba ɗaya suke ba: a fili na biyu, gatari tara kawai ya rage tsakaninsa da zama iri ɗaya.

Don haka aka nemi ma'aunin da zai duba daidaito. Wani masanin lissafi na Ingila, Edward Simpson, ya kawo nasa a 1949, kuma fahimtarsa ba ta da wuya. A ce an ba kowane ice tsakuwa an zuba a jaka, ka rufe ido ka ɗauki ɗaya ka mayar, ka sake ɗauka. Sau nawa za su zo iri ɗaya? A fili na farko sau 10 cikin 100. A na biyu kusan sau 83 cikin 100. Gwargwadon hawan wannan adadi, gwargwadon yadda iri ɗaya ya danne saura. Ma'auni na biyu, wanda ma ya fi yawa a rubuce-rubucen masananmu, na Claude Shannon ne ɗan Amurka, wanda ya fito da shi a 1948, ba don itatuwa ba ma, don lissafin saƙonnin waya. Daga baya masana tsirrai suka are shi. Shi yana auna wuyar cankar irin icen da za ka tarar a gaba. In aka yi lissafinsa, fili na farko zai ba da 3.3, na biyu kuwa 0.7. Ba mu kawo waɗannan lambobi don a haddace su ba, sai don in wani jami'i ya zo taron gari yana karanta su, jama'a su san abin da ake nufi, su iya yi masa tambaya.

Amma ma'aunin da ya fi damunmu shi ne na ƴaƴa. Duk icen da kaurinsa bai kai santimita 5 ba, ana ƙidaya shi daban a matsayin mai tasowa. Gari mai tsofaffi ɗari babu yaro ko ɗaya, a ido cike yake, a haƙiƙa kuwa ya gama mutuwa, jana'iza ce kawai ta rage. Kowa ya zagaya gonarsa ya duba: ga tsohuwar tsamiya, ga tsohuwar kanya, ina ƙanananta? Kanya da tsamiya sukan yi shekaru masu yawa kafin su yi ƴaƴa. In yau babu ƴar tsamiya mai tsawon gwiwa, to bayan shekara arba'in babu inuwar tsamiya, ko da ba a ƙara sare ko ɗaya ba.

Akwai kuma hotunan tauraron ɗan Adam. Tun 1972 taurarin Landsat suke ɗaukar hoton ƙasa, ana iya jera na shekarun baya da na yanzu a ga inda daji ya koma gona, inda tafki ya koma daji, inda rairayi ya binne kwari kamar a wajen Maine Sorowa da Gudumariya. Cibiyar Agirimet ta Yamai tana aiki da irinsu. Amfaninsu babba ne, musamman a wuraren da tsaro ya hana shiga. Sai dai ɗigo ɗaya a hoton, fili ne mai mita 30 kowane gefe, kuma kore kawai yake gani. Kurmin da ke da iri arba'in da duhun furosofis da gonar tattasai, duk kore ne a wurinsa. Wannan shi ne asalin saɓanin dattijo da saurayi: kore ya ƙaru a wasu wurare, iri ya ragu. Shi ya sa masu bincike na ƙwarai sukan zauna da tsofaffin Mobar da Manga da Buduma da Fulani, maza da mata, su tambaye su sunan abin da suka sani a da, da inda yake, da abin da ake yi da shi. Unguwarzoma da mai magani da makiyayi sun riƙe abin da babu shi a kowane hoto. Har sunayen wurare shaida ne: in ana kiran wuri da sunan ice, icen kuwa babu shi, to an san abin da ya tafi.

Wani zai ce, in furosofis yana ba da wuta da inuwa, me ya rage? A tambayi waɗanda suka ga 1984. Anza aka jiƙa kwana da kwanaki har ɗacinta ya fita aka ci, aka sussuka ƙarangiya, aka tono bado, aka dafa tafasa da yaɗiya da ganyen jiga, aka tsotsi aduwa da goruba. Kowanne yana da watan da yake ceto, in wannan ya ƙi wancan ya yi. Rumbu ne da babu wanda ya gina shi. Har shinkafar daji da muke ɗauka ciyawa ce: daga wata irinta da aka samo a Mali masana suka gano abin da ke kare shinkafa daga wata cutar ganye, aka tantance shi a 1995, aka sa shi cikin irin da ake nomawa a Asiya.

Hukuncin ƙasar da ba ta da mai ita

Malamanmu na Malikiyya sun yi babi a kan raya mataccen fili, kuma sun lissafa sare itatuwa da noma da fitar da ruwa cikin abubuwan da ake rayawa da su. Mutane da yawa iyakar abin da suka riƙe ke nan: wanda ya sare, shi ke da shi. Amma a babin nan ɗin, Shaihu Halil a Muhtasar ya ambaci harimin gari, wato wurin da mutanen gari suke yin itace da kiwo, su je su dawo a yininsu. Wannan ba mataccen fili ba ne, haƙƙin jama'a ne. Fili na kusa da gari kuma ba a raya shi sai da izinin shugaba. To, kurmin goruba da mata suke yankan kaba a ciki, da burtali, da mashaya, da gaɓar da ke riƙe kogi kada ya ci gari, yaya za a kira su matattu? Ambaliyar 2012 da ta 2019 da ta 2022 sun nuna mana abin da gaɓa tsirara take yi in ruwa ya zo da ƙarfi. Abu Dawuda ya ruwaito cewa mutane sun yi tarayya a ruwa da ciyawa da wuta, ya kuma ruwaito gargaɗi mai tsanani ga mai sare magarya, ya bayyana cewa ana nufin wadda matafiya da dabbobi suke fakewa a inuwarta, a sare ta ba da haƙƙi ba.

Keɓe fili don maslaha kuwa sunna ce. Manzon Allah (SAW) ya keɓe Naƙi'u don dawakin Musulmi, Sayyidina Umar (RA) ya keɓe Rabaza. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Umar ya umurci mai tsaron wurin ya bar masu ƴan dabbobi kaɗan su shiga, ya hana garken manyan attajirai, domin attajiri in dabbobinsa suka halaka yana da gona da dabino, talaka kuwa ba shi da kome. Duk wanda zai keɓe fili a yau, ya fara da wannan sharaɗi. Dokar ƙasa ma ba ta saɓa ba: dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye da ake kira Kofo, har a matakin ƙauye, waɗanda ke iya rubuta burtali da makiyaya da kurmi da sunan jama'a, dokar da aka sa wa hannu a watan Yuli 2020 kuma ta ba manomi haƙƙi a kan icen da ya raina a gonarsa. Manoman Maraɗi da Damagaram sun riga mu: tun shekarun 1980 suke sassaben zamani, suna barin tohon kututture biyu ko uku su tashi maimakon a ƙone su, har aka kiyasta filin da ya farfaɗo ya kai hekta miliyan 5.

Tun watan Yuni 2021, da aka fara mayar da mutanen Barwa, wasu garuruwa suka soma komawa. Ranar komawa ita ce ranar da ake sake raba ƙasa, kuma abin da aka sare a makon farko shi ne zai yi wuyar dawowa. Shawararmu ga kowace jama'ar masallaci ita ce, kafin a sa gatari, liman da mai gari da dattawa da wakilan makiyaya da na mata su zagaya tare, su sa alama a kan abin da ya tsira na kanya da tsamiya da giyayya da goruba, a bar wa gaɓar kogi ɗamararta, a fuskantar da masu gawayi ga furosofis, a riƙa tone shi tun yana ƙarami kafin ya yi ƴaƴa. Sa'an nan a zaɓi fili uku, ɗaya a gaɓa, ɗaya a gona, ɗaya a tudu, a auna kowanne da igiya, taki 50 da 20, a kafa duwatsu a kusurwoyinsa. Bayan kowace damina almajirai manya biyu su tafi da dattijo ɗaya da ya san sunaye, su ƙidaya manya daban, ƙanana daban, su rubuta da ajami ko da boko, da sunan Hausa da na Barbarci da na Fulatanci, a sa shekara a kai, a ajiye littafin a masallaci tare da na ɗaurin aure.